Na'urar da Ba Ta Cin Goro

A bakin tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda, inda layin dogo ya zo ya tsaya don gajiya, akwai wani shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba, an rubuta a ƙofarsa: Injiniya Misbahu, Likitan Na'ura. Aikin da ake yi a ciki cajin waya ne da tura karatu da waƙa. Amma in ka kuskura ka zauna a bencin, kafin shayinka ya huce mai shagon zai tabbatar maka shi kaɗai ne a Zamfara kwamfuta ke jin tsoro. Bai taɓa zama aji don wannan ilimi ba. A bidiyon waya ya koyi rubuta manhaja, kuma ba ya kallon bidiyo har ƙarshe, don a faɗarsa ƙarshen na daƙiƙai ne, mai basira daga tsakiya yake ganewa.

To, akwai ƙungiyar dillalan hatsi ta Kaura da Shinkafi da Zurmi, wadda duk bayan kaka take yin walima. Al'adarsu guda ce, kuma a kanta ake rai a kanta ake mutuwa: ana kiran mutane ne bisa wanda ya riga wani shiga ƙungiya, ba shekaru ba, ba dukiya ba. Wanda aka fara kira shi ke hawa darduma, shi ke buɗe taro da addu'a, gabansa ake dire kan rago. Mai kiran kuwa wani sanƙira ne, Mustapha, mutum mai murya kamar ganga da kunne mai jin ƙamshin goro. Duk wanda ya cika masa aljihu da goro, sai ka ji sunansa ya tsallake mutum biyar. Bara ya kira Alhaji Hafizu na Kaura gaban Alhaji Zubairu na Shinkafi, aka tashi taro huluna na shawagi, rago ya huce ba wanda ya taɓa shi.

Da aka yi sulhu sai aka tsayar da magana: Alhaji Zubairu na Shinkafi ne farko, sai Alhaji Nuruddeen na Zurmi, sai Alhaji Hafizu, sauran su biyo baya. Biyun ƙarshen nan sun haɗiye hukuncin ne kamar maɗaci. Aka sallami Mustapha, aka rasa wanda zai karɓi aikinsa, don kowa ka kawo yana da suruki a ɗaya daga garuruwan uku.

Nan Misbahu ya ga ƙofa. Ya shiga gaban dattawan ƙungiya da kwamfutarsa a hammata, ya ce zai haɗa musu manhajar da za ta riƙa kiran sunaye ta lasifika da kanta, ba tsallake ba son kai.

“Na'ura ba ta cin goro,” in ji shi. “Ba ta da suruki, ba ta da ɗan uwa Shinkafi balle Zurmi. Yadda anka zuba mata, hakanan taka fiddawa.”

Maganar ta shige su. Suka yi alkawari in walima ta tashi lafiya, a wurin za a naɗa shi Sarkin Fasahar ƙungiya. Ko gida bai je ba sai da ya biya kasuwa ya sayi rawani. Da ya gwada shi a tsakar gida, matarsa Kubura ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ita dai ta taɓa ganin an naɗe kabewa da tsumma don kada rana ta dafa ta, amma ba ta san ana yi wa mai ƙafafu ba.

Shagon da ke jikin nasa na Fidelis ne, mai gyaran kwamfuta, wanda ya yi karatunta a kwalejin kimiyya ta garin kuma ya daɗe a Kaura har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari gishiri. Ya leƙo aron abin zama, idonsa ya faɗa kan abin da Misbahu ke rubutawa, sai ya tsaya. Ya tambaye shi a cikin me yake ajiye sunayen. Misbahu ya ɗaga haɓa ya ce a hash tebur, abin da manyan injiniyoyin duniya ke aiki da shi, wanda ya fi komai sauri.

Fidelis ya ja benci ya yi masa bayani da harshen 'yan hatsi. Ya ce hash tebur kamar sito ne mai lunguna da yawa. In ka kawo buhu, mai sito ya dubi sunan da ke jiki, ya yi wani lissafi nasa, ya jefa shi lungun da lissafin ya nuna. In ka dawo ka ce a ba ka buhun wane, kafin ka rufe baki ya ɗauko, wannan ita ce saurin da ake faɗa. Amma in ka ce ya fito maka da buhunan duka, lungu-lungu zai bi, ba ruwansa da wanda ya riga wani zuwa. Kuma irin wanda Misbahu ya ɗauko, da gangan aka yi shi yana sake lissafin duk sanda aka kunna, don kada wani ya dogara da jerinsa. Maganin kuwa ba wuya: ko ya ajiye sunayen a layi daban yadda suka shigo, teburin ya zama na nemo bayani kawai, ko ya ɗauki irin teburin da ke ɗaure kowane suna da na gabansa kamar raƙuman ayari.

“Maƙwabci,” in ji Misbahu, “abin da yaf fara shiga shi ka fara fita. Ko buhu ya san hakanan.”

“Oga Misbahu, a buhu wanda ya fara shiga shi ne a ƙasa.”

“To wanga ba buhu ba ne.”

“Kai ka kawo buhun. Ka kalli bidiyon har ƙarshe kuwa?”

Misbahu ya ce shi ba ya gardama da mai gyara, don mai gyara bayan ɓarna yake zuwa, shi kuwa mai ƙirƙira ne. Fidelis ya ɗauki abin zamansa, ya ce to Allah ya sa kada a kai ga mai gyara.

Don ya nuna bajinta tun kafin rana, Misbahu ya zuba sunayen manyan nan uku kawai, ya ɗauki kwamfuta da ƙaramar lasifika ya fara zagayen gwaji. Ya fara da Alhaji Hafizu, a rumfarsa ta kasuwar hatsi. Ya kunna, ya danna, ya harɗe hannu. Muryar na'ura ta fito tana jan hanci, ta kira Alhaji Hafizu na Kaura, sannan Zubairu, sannan Nuruddeen.

Misbahu ya sauke hannuwan da ya harɗe. Ya buɗe baki zai ce kuskure ne, sai ya ga fuskar Alhaji ta washe kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

“Ashe ƙarfe ya fi mutane gaskiya,” in ji Alhaji Hafizu. “Ɗana, ina tas samo wagga magana?”

Misbahu ya gyara murya ya ce, ranka shi daɗe, na'urar tana da bincike na kanta, tarihi take tonowa tun daga tushe, shi kansa ba ya sa mata baki. Ya bar rumfar da zabi biyu a rataye a babur.

Ranar kasuwar Shinkafi ya bi ayarin motocin safe, don hanyar yanzu ba a binta ɗaiɗai. Alhaji Zubairu tsoho ne, kunnensa ya yi nauyi amma zuciyarsa na nan da zafinta. Da aka kunna, na'ura ta fara da Nuruddeen. Misbahu ya saki wani tari mai ƙarfi ya rufe muryar, ya kashe. Tsoho ya tambaya me ta ce, aka ce masa gaisuwa take yi. Aka sake kunnawa, ta fara da Hafizu. Tari ya sake tashi. Tsoho ya sa a kawo wa yaron nan ruwa. A karo na gaba Allah ya taimaka, ta kira Zubairu, Nuruddeen, Hafizu, tsaf yadda aka tsayar. Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce abin da ya rage kawai a koya mata gajarta gaisuwa.

A nan ne Misbahu ya gano abin da ya ɗauka sirrin ilimin kwamfuta ne gaba ɗaya: in ba ta faɗi abin da kake so ba, kashe ka kunna. Ya hau mota da buhun albasa, yana tausayin Fidelis da ya ɓata shekaru a makaranta bai san wannan ba.

Kafin ya isa Zurmi labari ya riga shi, cewa akwai na'ura mai tono gaskiya. Alhaji Nuruddeen ya tarbe shi da fura da nono, ya zaunar da shi a zaure, ya ce shi bai roƙi komai ba, gaskiya kawai yake so a tono, kuma ya san inda take. Ya faɗi haka yana kallon wata ƙwaryar man shanu da aka ajiye a bakin ƙofa. Misbahu ya yi ta kashewa yana kunnawa, ya ɗora laifi kan sabis, ya ɗora kan zafin Zurmi, ya ɗora kan katangar zaure, har na'ura ta gaji ta fara da Nuruddeen. Alhaji ya share ƙwalla ya ce dama ya sani.

Da ya sauke kaya a gida, Kubura ta dubi zabi, ta dubi albasa, ta dubi man shanu.

“Baban Ilham, kac ce na'ura ba ta cin goro.”

“Ba ta ci.”

“Na gani. Mai ita ad da ciki.”

Ya ce mata mata ba su san siyasa ba. Shirinsa a shimfiɗe yake: ranar walima zai kashe ya kunna har jerin gaskiya ya fito, biyun da suka sha ƙasa kuma ya ce musu sabis ne. Ai ba a kai sabis ƙara.

Sai ya zauna ya zuba sunayen ƙungiya kaf, yadda magatakarda ya yi masa shifta tun daga kafuwarta, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, don ya ce na'ura mai tarihi ba ta yar da kowa. A can ƙarshe ya ƙara nasa, da sarautar da ba a naɗa ba tukuna. Ya kunna. Ta fara da wani mai awo na Gurbin Bore. Ya kashe ya kunna. Ta fara da wani ɗan Jangeru da ya shiga ƙungiya bana. Ya kashe ya kunna har yatsansa ya yi kanta. Abin da bai lissafa ba shi ne, suna uku ko makaho ya jefa su zai dace wata rana, amma sunayen ƙungiya guda sai dai a jira tashin ƙiyama.

Ya shiga dabaru. Ya rubuta sunan Alhaji Zubairu da manyan baƙaƙe don na'ura ta ji nauyinsa, ba ta ji ba. Ya jera masa Alhaji har sau uku a gaba, ta jefa shi tsakiya. Ya zuba sunan sau goma don ko ta ina ta ɗebo ta ci karo da shi, ashe teburin ba ya riƙe suna ɗaya sau biyu, na baya ke danne na gaba, ya tarar guda ɗaya tilo na kallonsa. Ya sa dutse ya tokare gefen kwamfutar don manya su gangaro gaba. Fidelis ya leƙo ya tarar da ita a karkace gaban fanka, ya ce in an ba shi ita kafin a idar da sallar la'asar zai gyara, kuma ba zai gaya wa kowa ba. Misbahu ya ce tana hutawa ne. Kubura ma da ta kawo abinci ta roƙe shi ya bar maƙwabci ya taɓa, ya ce sarki ba ya aron rawani.

Da safiyar walima, cikin kashe-kunna, sai ga Alhaji Zubairu ya faɗo farko. Sauran jerin kuwa kamar an watsa wa kaji tsaba, amma Misbahu ya ce in dai kan rago ya sauka inda ya dace, saura a yafe. Abu ɗaya ya rage: kada ta mutu. Batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da zama tarihi, numfashi kaɗan yake riƙewa. Ya ɗauke ta a buɗe kamar jaririya, ya shiga keke mai ƙafa uku yana yi wa direba tsawa a kan kowane rami, suka isa filin taro tana haki, ya jona ta da janareta. Ya yi ajiyar zuciya. Rawani na cikin leda a ƙarƙashin tebur.

Fili ya cika. Motocin Shinkafi da na Zurmi sun iso tun hantsi. Manyan nan uku kowa ya ci ado, kowa ya zauna a bakin kujera, kowa na satar kallon darduma yana yi wa Misbahu murmushin da su biyu kaɗai suka san ma'anarsa. A can baya Mustapha sanƙira ya jingina da turken rumfa yana tauna goron da ya saya da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

Misbahu ya tashi cikin babbar rigar aro, ya yi jawabi cewa daga yau zamanin son kai ya ƙare. Ya juya zai rusuna wa dattawa, gefen rigar ya naɗo waya, ya fizge ta daga jikin janareta. Fuskar kwamfuta ta yi baƙi.

Ba wanda ya gane abin da ya faru sai shi. Ya jona, ya kunna. Shugaban taro ya ce bismillah, a fara. Babu damar leƙawa, lasifika a haɗe take. Ya danna. Alhazai uku suka dafa gwiwa suka fara miƙewa a tare.

“Injiniya Misbahu,” in ji na'ura, cikin natsuwa, “Sarkin Fasaha, Likitan Na'ura.”

 Dattawa uku suka tsaya a rabin tashi, ba su zauna ba ba su miƙe ba. Mai rabon abinci kuwa, da aka gaya masa tun farko ya bi abin da na'ura ta faɗa ba tambaya, ya ɗauko tiren kan rago ya dire gaban Misbahu, ya ce ranka shi daɗe, a hau darduma.

Misbahu ya ce gaisuwa ce take yi. Alhaji Zubairu ya ce ya san wannan gaisuwar, amma a Shinkafi ba ta zo da kan rago ba. Aka kashe aka kunna. Ta kira ɗan Jangerun nan da ya shiga bana, wanda ke can gefe yana riƙe wa wani takalmi. Tire ya tashi ya nufi wajensa, mutumin ya ja da baya yana rantsuwa shi ba ruwansa, yana da iyali. Aka kashe aka kunna. Ta kira wani dattijo da ya rasu tun ana awo da tsohuwar tiya. Jama'a suka ce Allah ya jiƙansa. Mai tire ya tsaya tsakiyar fili, ya juyo cikin ladabi ya tambaya ina zai kai.

Dariya ta ɓarke daga baya ta gangaro gaba. Alhaji Hafizu bai yi dariya ba. Ya ce shi dai a rumfarsa na'urar nan ta tono gaskiya, shi ta fara kira, yana da shaidu, har zabi ya bayar. Alhaji Nuruddeen ya ce wace gaskiya, ai a zaurensa aka tono ta, man shanunsa shaida ne. Alhaji Zubairu ya sa aka maimaita masa a kunne, ya ce to albasarsa fa. Suka dubi juna. Rabon da mutanen nan uku su yarda da magana ɗaya tun ana hawan jirgi zuwa Zariya, amma ranar nan suka juyo gaba ɗaya suka kalli wuri guda.

“Sabis ne,” in ji Misbahu.

Fidelis na tsaye a bakin rumfa, shi aka ɗauko ya kula da lasifika. Alhaji Zubairu ya tambaye shi ko sabis ne. Fidelis ya ce shi lasifika aka ba shi, kuma lasifika lafiyarta ƙalau, kowa ya ji.

Ba a dake shi ba, dattawa ne. Abin da suka yi ya fi duka. Suka ce alkawari kaya ne, an ce za a yi naɗi, to za a yi. Aka ciro rawani daga leda, aka ɗora masa kwamfutar a ka, aka naɗe su tare, aka ɗaure a haɓa. Alhaji Zubairu ya fara zagaye, Alhaji Nuruddeen ya karɓa, Alhaji Hafizu ya ƙulle, tsaf bisa jerin da aka tsayar, ba wanda ya tsallake wani. Aka kira Mustapha ya sanar da sarautar, ya tofar da goro ya buɗe murya ya yi wa Sarkin Kashe-Kunna kirari har bakin titi.

A wurin aka mayar da Mustapha bakin aikinsa. Hujjar dattawa ita ce, shi in ya tsallake ka, ka san dalili, ka san kuma maganinsa. Da aka waiwayi kan rago aka tarar da ƙashi, Mustapha na goge baki, ya ce tun da an rasa mai shi ya ga bai kamata ya sake hucewa kamar bara ba.

Washegari Fidelis ya gyara manhajar kafin shayinsa ya huce. Tun daga nan ko sau nawa aka kunna ta, Zubairu, Nuruddeen, Hafizu take kira, ba ta taɓa kuskure ba, ba kuma wanda ya sake neman ta. Misbahu kuwa ya ci gaba da ba masu cajin waya labarin yadda na'urarsa ta haɗa kan garuruwa uku a yini ɗaya, abin da sulhu ya kasa.

Da rana ya koma gida da yunwa, ya tarar Kubura ta dafa zabin nan da albasa da man shanu. Ta zuba wa yara, ta aika wa maƙwabta, ta ɗiba wa Fidelis a kwano mai murfi, ta jefa wa kyanwa wuya. Misbahu na zaune da hannu a wanke, ya tuna mata cewa a gidan nan maigida ake fara zuba wa.

Ta leƙa tukunya, ta kwankwasa gindinta da ludayi, ta ce sunansa na ciki, bai dai fito ba tukuna.

“In kana sauri,” in ji ta, “ga murhu nan. Kashe ka kunna.”